Kyautar Nobel ta Fiziks: Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi?

Nafi'u Ɗalibi: Assalamu alaikum malamaina. Tunda Oktoba ta kama, watan da ake sanar da masu Nobel, bari in jefo tambayata. An ce min wai Einstein bai samu kyautar saboda ka'idar rilatibiti ba. Da gaske ne? In haka ne, to a kan me ake bayar da ita, tunda duk duniya da wannan aikin aka san shi?

Malam Sani Funtuwa: Wa alaikumus salam Nafi'u. Wanda ya faɗa maka bai yi ƙarya ba. Kyautar 1921 aka ba shi, amma sai a Nuwamban 1922 aka sanar, domin a 1921 an ajiye ta ne ba a ba kowa ba. A lokacin kuwa sunansa ya riga ya cika duniya. Ranar 29 ga Mayun 1919 an yi husufin rana, aka auna yadda hasken taurari ke lanƙwasa idan ya ratsa gefen rana. Ɗaya daga cikin wuraren awon ma nan kusa da mu ne, tsibirin Principe da ke tekun Gini, inda Arthur Eddington ya kai kayan aikinsa. Sakamakon ya dace da lissafin Einstein, jaridu suka ɗauka.

A Stockholm kuwa, wanda aka ɗora wa rubuta rahoto kan rilatibiti likitan ido ne, Allvar Gullstrand, wanda shi ma ya ci Nobel ta likitanci a 1911. Ka'idar ba ta kwanta masa ba, ya rubuta rahoton suka. Sai wani ɗan kwamitin, Carl Oseen, ya samo mafita: a ba Einstein a kan dokar da ya fitar a 1905 ta yadda haske ke bugun ƙarfe ya fizgo ilektoron, tunda ita Robert Millikan ya gwada ta a Amurka ta tabbata. Haka aka yi. Shi gogan yana tafiyar Japan, bai ma halarci bikin ba. Da ya je Suwidin a Yulin 1923 yin laccarsa, a kan rilatibitin ya yi ta. Kuɗin kuma dama ya yi wa tsohuwar matarsa Mileva alkawarinsu tun a yarjejeniyar rabuwarsu ta 1919.

Injiniya Bashir: Malam, ni fa ban ga laifin kwamitin ba. Wasiyyar da Alfred Nobel ya sa wa hannu a Paris a 1895 cewa ta yi a ba wanda ya gano wani abu ko ya ƙirƙiro wani abu. Kuɗin mamaci ne, amana ce a hannunsu. A 1921 awon da ke goyon bayan rilatibiti bai taka kara ya karya ba, masana da yawa suna da ja. Kuma aikin da aka ba shi kyautar a kansa ba ƙarami ba ne, daga nan aka fara yarda cewa haske a dunƙule-dunƙule yake zuwa. Mu masu haɗa sola da dangin wannan ilimin muke cin abinci.

Dakta Hadiza: Injiniya, wannan tsantsenin da kake yabo bai hana su ba Gustaf Dalén kyautar 1912 ba, a kan na'urar da ke kunna fitilun jagorar jiragen ruwa da dare ta kashe su da safe. Ɗan ƙasarsu ne. Abu mai amfani, ban musa ba, kuma a shekarar ya makance a wani gwaji da ya fashe da shi. Amma a wannan lokacin Max Planck yana zaune yana jira, shi da ya buɗe ƙofar kimiyyar kwantum tun 1900. Sai kyautar 1918 ya samu.

Alhaji Garba Mai Hoto: Yara, ku bar ni in sa baki a kan na farkon, domin da aikinsa na ciyar da iyalina har na yi ritaya. Wilhelm Röntgen, Bajamushe, 1901. A Nuwamban 1895 ya gano hasken da muke ɗaukar hoton ƙashi da shi, a jami'ar Würzburg. Hoton da ya fi yawo na hannun matarsa ne, ga ƙasusuwan yatsu ga zobe. Mu a zamaninmu fim muke wankewa a ɗakin duhu, ka tsoma a ruwan magani, ka ɗauraye, ka rataye, sannan ka ɗaga shi gaban fitila ka ga inda ƙashin ya tsage kamar an ja layi da alƙalami. Mai karaya da ya sha wuya a hannun maɗori, sai ka nuna masa da yatsa ka ce ga wurin nan. Wannan mutumin bai yi rajistar mallakar abin ba, ya bar wa duniya, kuɗin kyautar kuma ya ba jami'arsa. A kan wannan dai babu mai cewa an yi son kai.

Dakta Hadiza: Allah ya ƙara lafiya Baba Alhaji. A kan Röntgen babu gardama. Amma shekara biyu kacal bayan nan aka fara abin da nake magana a kai. A 1903 takardar da manyan masanan Faransa suka aika ta ambaci Henri Becquerel da Pierre Curie, ta tsallake Marie. Wani masanin lissafi na Suwidin, Mittag-Leffler, shi ya tsegunta wa Pierre, Pierre ya rubuta ya ce in dai a kan wannan aikin ne to tare suka yi. Da mijin ya yi shiru, da shi ke nan. Daga ita sai da aka shekara 60 kafin wata mace ta sake samu, Maria Goeppert Mayer a 1963, wadda ta yi shekaru tana aiki a jami'o'in Amurka ba albashi saboda mijinta ma'aikacinsu ne. Sai kuma wata shekara 55, Donna Strickland a 2018. Sai Andrea Ghez a 2020 da Anne L'Huillier a 2023. Mata biyar cikin mutum fiye da 200.

Injiniya Bashir: Dakta, ai matan da ke fannin a wancan zamanin kaɗan ne. Ba za ka ba wanda bai shiga gasar ba.

Dakta Hadiza: To bari in kawo maka wadda ta shiga. Lise Meitner. 'Yar Ostiriya ce, ta zo Berlin a 1907, ta yi kusan shekara 30 tana aiki da Otto Hahn, ita da fiziks shi da sinadarai. Da farko a wani ɗakin kafinta da ke ƙasan gini aka ajiye su, saboda ba a yarda mace ta hau ɗakunan gwajin sama ba. Ita ta jawo Hahn cikin binciken yuraniyom a 1934. Da Hitler ya haɗiye Ostiriya a Maris 1938, fasfonta ya tashi daga aiki, ga ta da asalin Yahudawa. A Yuli ta sulale ta kan iyakar Holan da 'yan kayanta kaɗan, Hahn ya ba ta zoben lu'ulu'u na mahaifiyarsa ko za ta buƙaci toshiya a hanya.

A Disamba Hahn da Fritz Strassmann suka harbi yuraniyom da niyutoron, sai suka ga bariyom, wanda nauyinsa bai fi kusan rabin na yuraniyom ba. Hahn ya rasa gane kan abin, ya rubuta mata wasiƙa zuwa Suwidin yana neman bayani. Ita da ɗan 'yar'uwarta Otto Frisch, suna hutun Kirsimeti a wani ƙaramin gari, suka zauna suka lissafa: cibiyar ƙwayar zarrar ce ta rabe biyu, ɗan nauyin da ya ɓace kuma shi ya koma makamashi bisa lissafin Einstein. Suka buga a mujallar Nature a Fabrairun 1939. Kyautar sinadarai ta 1944 ta fito da sunan Hahn shi kaɗai. An gabatar da sunan matar nan fiye da sau 40 a fannonin biyu, har ta rasu a 1968 ba ta samu ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mamman Maraɗi: Hajiya Dakta, wannan labari ya taɓa ni. Yuraniyom ɗin da ake haƙowa a Arlit tun wajen 1971, duk darajarsa a kan wannan rabewar take. A makaranta sunan Curie muka haddace, wannan matar ko sau ɗaya ba a ambata mana ita ba. Amma ya aka san sau nawa aka gabatar da ita? Na ɗauka asiri ne.

Malam Sani Funtuwa: Asiri ne na shekara 50, Malam Mamman. Bayan nan ana buɗe takardun, masana tarihi su shiga su karanta wa ya gabatar da wa, me kwamiti ya ce. Ta nan aka ga cewa masu sinadarai ne suka auna aikin da rabinsa fiziks ne, a tsakiyar yaƙi, ba su kuma ba nata ɓangaren muhimmanci ba. Daga baya an sa wa sinadari na 109 sunanta, abin da Hahn bai samu ba.

Akwai wani abin dariya a gefen labarin. Ranar 10 ga Disamban 1938 Enrico Fermi ya karɓi kyautarsa, wani ɓangarenta a kan sababbin sinadarai da aka ɗauka ya samar ta hanyar harbin yuraniyom. Kafin wata ya ƙare aikin Hahn ya nuna cewa galibin abin da Fermi ya gani ɓaraguzan rabewar ne. Wata mai sinadarai, Ida Noddack, ta faɗi yiwuwar haka tun 1934, babu wanda ya kula ta. Fermi dai ya cancanta ta wasu fuskokin, kuma da tafiyar ya fake ya fitar da iyalinsa daga Italiya, domin matarsa Bayahudiya ce. Daga Stockholm bai koma gida ba, Amurka ya nufa.

Injiniya Bashir: Na yarda da ta Meitner, an zalunce ta. Amma guda ɗaya ce.

Dakta Hadiza: Chien-Shiung Wu. Lee da Yang suka kawo shawarar cewa akwai wani ƙarfi a cikin ƙwayar zarra da ke bambance hagu da dama. Ita ta shirya gwajin da kobalt mai tsananin sanyi a ƙarshen 1956, ta nuna haka ne. A 1957 aka ba mazan biyu, ga kujera ta uku babu kowa a kai.

Sai Jocelyn Bell. Tana ɗalibar digirin digirgir a Cambridge, ta yi shekara biyu cikin masu kafa turaku da jan waya a fili mai fiye da eka huɗu, na'urar sauraron sararin sama. Sakamakon a kan doguwar takarda yake fitowa, kusan mita 30 kullum, da ido take bin sa. A 1967 ta lura da wani ɗan ƙazantaccen zane da bai kai tsawon gaɓar yatsa ba, yana dawowa daga wuri ɗaya a sama. Ta nace har aka ɗauke shi da kyau, sai ga sigina yana bugawa duk daƙiƙa ɗaya da sulusi. Sabon nau'in tauraro ke nan. A 1974 aka ba malaminta Antony Hewish tare da Martin Ryle.

Injiniya Bashir: A nan kam zan tsaya. Hewish ne ya tsara na'urar, shi ya nemo kuɗin. Kuma ita da bakinta ta ce a ganinta bai dace a riƙa ba ɗalibai Nobel ba sai in abin ya fita daban, ba ta kuma ɗauki nata a haka ba. Mai abu ta yafe, Dakta, ke mene ne naki?

Dakta Hadiza: Ta yafe, halinta ne mai kyau. Amma dubi abin da kwamitin da kansa ya yi. A 1974, shekarar da aka tsallake ta, wani ɗalibi Russell Hulse ya gano irin wannan tauraron yana zagaya wani. A 1993 aka ba shi tare da malaminsa Joseph Taylor. Brian Josephson yana ɗalibi ɗan shekara 22 ya yi aikin da aka ba shi kyautar 1973. Robert Schrieffer ɗalibin Bardeen ne, tare suka karɓa a 1972. Ashe dai ana ba ɗalibai. Ita Bell ɗin a 2018 aka ba ta kyautar Breakthrough ta dala miliyan 3, ta juye kuɗin gaba ɗaya a asusun ɗaukar nauyin ɗaliban fiziks mata da 'yan gudun hijira da sauran waɗanda ba su da yawa a fannin.

Zainab Aliyu: Anti Dakta, ni 'yar aji ɗaya ce, ina ta karatu ban ce komai ba. Wallahi jikina ya yi sanyi. Amma wannan Bardeen ɗin shi ne wanda aka ce ya ci sau biyu?

Malam Sani Funtuwa: Shi ne, Zainab, kuma har yau shi kaɗai ne ya ci ta fiziks sau biyu. A 1956 tare da Shockley da Brattain a kan taransisto, wanda biliyoyinsa ke cikin wayar da ke hannunki, sai 1972 a kan bayanin yadda wasu ƙarafa ke daina tirjiya ga lantarki in sun yi sanyi ƙwarai. Ki tambayi mutum goma a titi, da wuya ɗaya ya san shi. Kada jikinki ya yi sanyi. Lawrence Bragg yana da shekara 25 ya karɓa tare da mahaifinsa a 1915, Arthur Ashkin kuma sai da ya kai 96 a 2018. J.J. Thomson ya ci a 1906 da ya nuna ilektoron ƙwaya ce, ɗansa George ya ci a 1937 da ya nuna tana tafiya irin ta igiyar ruwa, kuma duka biyun gaskiya ne.

Nafi'u Ɗalibi: Malam, duk sunayen nan na Turawa ne. Mu fa? Akwai ɗan Afirka ko ɗaya?

Malam Sani Funtuwa: Waɗanda aka haifa a Afirka akwai. Claude Cohen-Tannoudji, 1997, a Constantine ta Aljeriya aka haife shi. Serge Haroche, 2012, a Casablanca ta Maroko. Amma dukansu Faransawa ne, a Paris suka yi aikinsu. Allan Cormack ɗan fiziks ne haifaffen Afirka ta Kudu, sai dai ta likitanci ya samu a 1979 a kan lissafin na'urar sikanin ta CT. Ahmed Zewail na Masar ta sinadarai ya ci a 1999, a Amurka ya yi aikin. Baƙar fata kuwa har yau babu wanda ya ci ta fiziks.

Wanda ya kamata mu yi wa karatun ta-natsu shi ne C.V. Raman na Indiya, 1930. A Calcutta ya yi aikinsa a 1928, ƙasarsa tana hannun Ingila, da kayan aiki masu sauƙin kuɗi, ya nuna cewa haske yana ɗan canza launi in ya ratsa ruwa ko wani abu mai garai-garai. Ɗan ɗan'uwansa Chandrasekhar kuma yana da shekara 19, a cikin jirgin ruwa zuwa Ingila a 1930, ya lissafa iyakar nauyin da mataccen tauraro zai iya ɗauka, kusan ninki 1.4 na rana. Eddington ɗin nan da ya ɗaga Einstein shi ya tashi a taro a Landan a 1935 ya yi wa yaron ba'a a gaban jama'a. Sai 1983 aka ba shi Nobel. Satyendra Bose kuwa, wanda rukunin ƙwayoyi guda ke ɗauke da sunansa, bai samu ba sam.

Mamman Maraɗi: Ba ku ambaci Abdus Salam ba.

Dakta Hadiza: Ina zuwa kansa, Malam Mamman, domin ni shi ne na fi ganin darasinsa ya shafe mu. An haife shi a Jhang, a Pakistan ta yau, a 1926. Ya yi fice a Cambridge, ya koma Lahore a 1951 da niyyar koyarwa a gida. Ya tarar babu mujallun bincike na zamani, babu abokin tattaunawa. A 1954 ya tattara ya koma Ingila. Wannan zaɓin, ko ƙasarka ko iliminka, shi ya tsaya masa a rai, har ya kafa cibiyar ICTP a Trieste ta Italiya a 1964. Tsarinta shi ne malamin jami'a daga ƙasa mai tasowa ya zo ya yi 'yan watanni cikin manyan masana da ɗakin karatu mai kyau, sannan ya koma wurin ɗalibansa. Malamai da yawa daga jami'o'in Najeriya sun bi ta can. A 1979 ya raba kyautar da Glashow da Weinberg, a kan haɗe ƙarfin lantarki da maganaɗisu da ƙarfin nan mai rauni na cikin ƙwayar zarra a ka'ida guda. Ya je bikin da rawani da kayan gidansu, a jawabinsa na liyafa ya kawo ayoyin Suratul Mulk masu cewa a sake duba halittar Mai Rahama ko za a ga wata ɓaraka.

Abu Ammar: Amma ai ɗan Ahmadiyya ne. Majalisar Pakistan ta yanke hukunci a kansu tun 1974.

Malam Sani Funtuwa: Haka ne ɗan'uwa, kuma a shekarar ya bar muƙaminsa na mai ba gwamnatin ƙasar shawara kan kimiyya. Maganar aƙida tana da malamanta da zaurenta, a nan fiziks ɗinsa muke aunawa. Ƙwayoyin W da Z da ka'idarsu ta yi hasashe an gan su a CERN, babbar cibiyar binciken fiziks ta Turai, a 1983. Mu tsaya a nan don Allah.

Alhaji Garba Mai Hoto: Madalla Malam. Bari in sassauta muku da wani labari. Bayan an ba wani ɗan jarida mai adawa da Hitler kyautar zaman lafiya, Hitler ya hana Jamusawa karɓar Nobel a 1937. Fitar da zinare daga ƙasar kuma laifi ne babba. Max von Laue da James Franck sun riga sun aika lambobinsu na zinare ajiya wurin Niels Bohr a Copenhagen, ga sunayensu a jiki. A 1940 sojojin Jamus suka shigo garin. Wani mai sinadarai a wurin, George de Hevesy, ya jefa lambobin cikin haɗin asid mai narkar da zinare. Suka zama ruwa mai launin lemo a cikin kwalba, ya ɗora a kanta cikin sauran kwalabe. Aka yi bincike aka wuce. Bayan yaƙi ya tace zinaren, aka aika Stockholm aka sake ƙera musu.

Injiniya Bashir: Baba Alhaji wannan ya fi fim. Ni kuma wanda ke ba ni tausayi Leon Lederman ne, na 1988, da aka yi gwanjon lambarsa a 2015 kan dala 765,000 saboda kuɗin jinya. Sai Shuji Nakamura, ɗaya cikin ukun da aka ba a 2014 kan fitilar LED shuɗiya, wadda ita ta ba da damar farin ƙwan da muke haɗa wa mutane da sola a ƙauyuka. Kamfanin da ya yi wa aikin yen 20,000 ya ba shi tukwici. Sai da ya kai su kotu, a 2005 aka sasanta kan yen miliyan 840 da ɗoriya. Shi kuma Nick Holonyak da ya yi jar LED tun 1962 bai samu komai daga Stockholm ba.

Dakta Hadiza: Ka ga ka dawo layina da ƙafarka, Injiniya.

Injiniya Bashir: Ban dawo ba. Ni cewa nake ƙa'ida ce ke cin mutane, ke kina cewa son kai. Ƙa'idojin uku ne: ba a wuce mutum uku, ba a ba mamaci, kuma sai abu ya tabbata. Ɗauki Peter Higgs, wanda ya yi hasashen ƙwayar nan da ake kira da sunansa. A 1964 mutum shida suka buga takardu uku a kan abu ɗaya. Sai 4 ga Yulin 2012 CERN ta sanar da ganin ƙwayar. Robert Brout ya rasu a 2011, shekara ɗaya kafin nan. A 2013 aka ba Higgs da Englert, sauran ukun suka tashi a tutar babu. Ronald Drever na cikin waɗanda suka kafa LIGO, na'urar da ta fara jin girgizar sararin samaniya da Einstein ya yi hasashe, ya rasu a Maris 2017, a Oktoba aka ba Weiss da Barish da Thorne. Stephen Hawking hasashensa kan baƙin rami ba a iya auna shi ba har ya rasu a 2018. Arnold Sommerfeld an gabatar da shi sau 84, ɗalibansa Heisenberg da Pauli da Debye da Bethe duk suka ci, shi ko oho. Waɗannan duk maza ne Turawa. Wa ya yi musu son kai?

Dakta Hadiza: Biyun duk suna nan, ɗaya ba ya kore ɗaya. Ƙa'idar mamaci ta ci Vera Rubin a 2016, gaskiya ne, amma awonta na juyawar tarin taurari tun shekarun 1970 yake, an yi shekara kusan 40 tana raye ana kallonta. Bednorz da Müller kuwa sun buga aikinsu a 1986, a 1987 suka karɓa. In an ga dama ana sauri. Sannan wa ke gabatar da sunaye? Gayyata ake aikawa: 'yan majalisar kimiyya ta Suwidin, waɗanda suka taɓa ci, farfesoshin ƙasashen arewacin Turai, da wasu jami'o'in da aka zaɓa. Mutum wanda ya sani yake ambata.

Ita kuma ƙa'idar mutum uku ba ta cikin wasiyyar Nobel, dokokin gidauniyar ne. Kyautar zaman lafiya ana ba ƙungiyoyi, masu fiziks ne suka ƙi bin wannan hanyar. Takardar LIGO ta farko tana da sunaye fiye da 1,000. Gayya ce aka yi, gari guda ya fito noma, da yamma aka kira mutum uku aka ba su goron.

Zainab Aliyu: To Anti, babu wata kyautar da ke ba kowa da kowa?

Dakta Hadiza: Akwai masu gwadawa, ƙanwata. Kyautar Wolf ta farko a fiziks, a 1978, Wu aka ba. Ta Sarki Faisal ta Saudiyya ta riga Nobel ganin wasu: Binnig da Rohrer sun karɓe ta a 1984, Nobel ta biyo a 1986. Ita Breakthrough a 2016 ta ware wa LIGO dala miliyan 3, miliyan ɗaya ga mutum ukun da suka kafa aikin, har da Drever yana raye, miliyan biyu kuma aka raba wa sauran su 1,012.

Nafi'u Ɗalibi: Na buga a kalkuleta, kowa bai kai dala 2,000 ba.

Injiniya Bashir: Ka ji ko, Dakta? Ko kuɗin batir mai kyau da inbata ba su isa ba. Ki raba kuronar Suwidin miliyan 11 ta Nobel haka, ranar sanarwa ɗan jarida sunan wa zai kira?

Dakta Hadiza: Ya kira sunan LIGO, bakinsa ba zai karye ba. Malam Sani, don Allah in za ka koya wa 'yan ajinka rabewar ƙwayar zarra a zangon nan, ka rubuta Meitner da Frisch da Strassmann kusa da Hahn a kan allo.

Malam Sani Funtuwa: An gama, Dakta. Sai dai in tambayar ta fito a jarrabawa, sunan da ke cikin littafinsu zan ce su rubuta.